Malamar da Ta Sa Makarantarta Ta Rasa Kofi

Akwai ranar da ko tsufa ya kama ni na fara mantuwa, ba na jin za ta fita daga raina. Ina aji biyar na sakandare a Kusada aka zaɓe mu, mu uku, mu je Kankia gasar kacici-kacici ta Turanci tsakanin makarantun 'yan mata. Ni 'yar ƙauye ce daga wajen Bauranya, babana gero da dawa ya sani. Ɗan Turancin da nake taƙama da shi daga wani tsohon ƙamus marar bango na samo shi, wanda malaminmu ya ara mini. Ina da wata ɗabi'a a lokacin, duk kalmar da na ga ta yi tsawo sai na haddace ta, ko da ban san inda zan kai ta ba.

Tun hantsi ake fafatawa har aka kira azahar. Da aka dawo daga salla saura makarantu biyu, mu da masu masaukin baƙi. Sun fi mu da maki ɗaya, tambayar ƙarshe kuma tamu ce, mai maki biyu. Wanda ya ci shi ke da kofi, shi kuma zai wakilci shiyya a Katsina. Makarantarmu ba ta taɓa zuwa ko kusa da nan ba.

Mai gabatar da tambayoyi ya ɗaga takarda, ya tambaya da Turanci: wace kalma ce masana ke kiran mutumin da shekarunsa suke tsakanin arba'in da arba'in da tara? Ƙawayena biyu suka sunkuyar da kai. Ni kuwa murna ta kama ni, domin na san ta. Na miƙe na ce, "Quadragenarian."

Ya duba takardarsa, ya girgiza kai. "Ba haka ba ne."

Zauren ya kaure da ihu. 'Yan Kankia suna ta buga tebur, wasu har sun fara guɗa. Na zauna kunya ta rufe ni, na fara shakkar kaina. Malaminmu shi ma bai tabbata ba.

Ana cikin haka wata mata ta miƙe daga layin malamai, siririya, da farin hijabi da alli a yatsunta. Ita ce malamar Turancin makarantar da ta ci mu, ita ta horar da yaran da ke murna. Ta jira hayaniya ta lafa, sannan ta ce wa shugaban alƙalai, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Yarinyar nan daidai ta faɗa."

Shugabar makarantarsu ta jawo gefen hijabinta. "Malama, zauna mana! An riga an yanke."

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta juya ga mai tambaya. "Malam, karanta muna abin da ke takardarka."

Ya karanta. Ta yi murmushi ta ce, "Wannan ai ta masu shekara hamsin ce, mai buga takardar ya tsallake layi. Ni shekaruna arba'in da uku. Sunana yarinyar ta kira, ya za a yi in zauna ana ce mata ƙarya ta yi?"

Har alƙalai sai da suka dara. Ta tafi ofishin malamai da kanta ta ɗauko babban ƙamus, ta buɗe, ta ajiye gabansu. Suka haɗa kai suna bin layi da yatsa. Can shugaban ya gyara murya ya ce maki biyu na Kusada ne.

Na ga ɗalibanta suna kuka, na ga shugabarsu ta tashi ta fita ba ta ko dube ta ba. Ita kuwa ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana dafa kafaɗarsu.

Kafin mu shiga mota na same ta a gindin dalbejiya, na durƙusa ina godiya. Ta ɗaga ni ta ce, "Ɗiyata, ba don ke na yi ba. Yaran can suna kallona. In na yi shiru yau, gobe da wane baki zan hana su satar amsa?" Sai ta ƙara da cewa, "Amma fa kin murɗe tsakiyar kalmar. Sake faɗa in ji." Sau uku ta sa na maimaita, direba na ta danna oda.

Daga baya na ji an daɗe ana yi mata kallon wadda ta sayar da gida. A Katsina tun zagayen farko aka fitar da mu, ban kuma sake haɗuwa da ita ba.

Yau ni ma malama ce, na kuma gane abin da ban gane ba a lokacin. Mutane da yawa sun san daidai, har a zauren nan ba na shakka akwai wanda ya sani ya yi gum. Wanda zai miƙe ya faɗe ta alhali shi za ta kayar, shi ne ba a cika samu ba. Duk ranar da gaskiya ta zo mini da tsada nakan ji nauyin yin shiru, domin na taɓa ganin wadda ba ta yi ba.