Takardar da Na Cika wa Surukina

Har yau in na ga an kafa tebur a bainar jama'a ana cika wa tsofaffi takarda, sai raina ya ɓaci. Na taɓa zama a bayan irin wannan teburin, na san ɓarnar da ake yi a kai.

Shekara biyu da ba mu jiha, wani kamfani ya shigo Gusau da abin da ya kira inshorar lafiya. Ka riƙa biyan wani abu duk wata, ran da ciwo ya kama ka a duba ka a wani asibitin kuɗi. Katin iri biyu ne, ƙarami na ganin likita da magani, babba har da tiyata. Takardun duk da Turanci, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero. Da muka ga dattawa na dangwala yatsa a kan abin da ba su sani ba, sai mu malaman makaranta huɗu muka ɗauki nauyin yi musu bayani kyauta. Wata Asabar mu je Tsafe, wata Bungudu. Ni kuwa a lokacin gani nake duk jihar ba wanda ya kai ni iya bayani.

Akwai sharaɗin da na haddace kamar karatun allo. In mutum yana da tsohon ciwo ya faɗa, zai jira wasu watanni sannan katin ya ɗauke shi. In ya ɓoye aka gano, katin ya mutu.

A Bungudu, wakilin kamfanin ya dage a sa teburin a rumfar bakin hanya, wai don jama'a su gani su zo. Ɗan ƙasar ne, ba baƙo ba. Dattawa sun fi ashirin a kan benci sai ga surukina, mahaifin matata, cikin babbar riga. Manomi ne mai bijiman huɗa biyu, mutumin da ko zazzaɓi ya kayar da shi ba ya yarda a saya masa ƙwaya. Amma ranar ko tayi bai yi ba, ya ce babban kati yake so. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. Ban tsaya ba.

Na sunkuyar da kai, shi ma ya kau da nasa, na ce, "Baba, ko akwai wani ciwo da ke damunka?"

Ya ce, "Lahiya lau nike, alhamdu lillahi."

Na rubuta babu. To me zai ce? Gwaiwa ce da shi, shekara da shekaru. Ga abokan wasansa sun baza kunne, ga mijin 'yarsa riƙe da biro. Dattijon da zai ambaci ciwon da ke cikin wandonsa a irin wannan zama ba a haife shi ba tukuna. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, na daɗe da lura da yadda yake tafiya. Da na miƙa takardar ga wani cikin abokaina, su zaga bayan rumfa, da an wuce wurin. Sai na zaɓi in tsare kunyata.

Ana dab da faɗuwar damina abin ya murɗe masa a gona. Muka kawo shi Gusau yana ta amai. Likita ya duba ya ce tsohon ciwo ne, sai an yi aiki yau. Na garzaya ofishin kamfanin da kati, na tarar da wakilin nan. Ya zaro takardar a natse ya juyo mini ita.

"Malam, wanga ba rubutunka ne ba?"

Na ce, "Nawa ne. Kai kuma kana zaune kusa da ni. Kai ubanka zai hwaɗi haka gaban mutane?"

"Ni ka'ida nika bi."

Na daki teburinsa, na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ba wauta ba ce ta sa suka kafa tebur a bakin hanya. Sun san mu sarai, sun san abin da tsoho ba zai furta ba, a kan wannan suka gina cinikinsu. Mu kuma masu aikin sa kai muka ara musu fuskarmu, tsofaffi suka yarda saboda sun ga 'ya'yansu.

Kafin la'asar ƙanin matata ya sayar da bijiman biyu a farashin wulaƙanci. Aka yi aikin, Allah ya tashi kafaɗunsa. Shekarar nan rabin gonar ce kawai aka noma, da fartanya.

Na yi sati uku ina jiran surukina ya kira ni ya wanke ni tas. Da ya yi, da na ji sauƙi. Ran nan matata ta dawo daga duba shi, ta ajiye mayafi, ta ce Baba ya ba ta saƙo. Wai in yi haƙuri in yafe masa, ya sa ni rubuta ƙarya a gaban mutane.