Ni da surukina a doron dutse

Shekarun baya, ban daɗe da zuwa Faransa ba, ina zaune wurin autata da mijinta a Saint-Fons, gefen birnin Lyon. Likita ya ce sugana ya hau, in riƙa tafiya a ƙasa. Su kuwa dama in zafi ya shigo, duk Lahadi sai su goya jaka su tafi hawan dutse, su dawo ƙafafu a kumbure suna murna. Ni dai ido ne nawa. A garinmu wanda ya hau dutse, ko itace ya je nema ko akuyarsa ce ta ɓata.

Rannan autar ta ce in bi su, wai akwai hanya mai sauƙi ta tsofaffi. Na ce wace ce tsohuwar? Ni 'yar Adar ce, cikin duwatsu aka yanke mini cibi, inda za su bi nan zan bi. Bakina ne ya ja mini.

Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani. Ni da mijin ɗiyata gida ɗaya muke, amma ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, idonmu bai taɓa haɗuwa ba. In yana da magana, ko ina zaune a wurin, matarsa zai duba ya ce, “A faɗa wa Inna...” Ni ma sai in ce, “Ki ce wa maigidanki...” Kunya ce muka gada, shi kuma duk karatunsa bai yar da ita ba. Abin da ya sa nake ganin girmansa ke nan.

Muka yi asuba muka ɗau mota, muka bar Lyon a baya. Sun saya mini wani takalmi mai nauyi kamar na soja, na sa. Jakar baya ce na ƙi. Na naɗa gammo na aza kwanon dambuna a ka. Turawan da muke gamuwa da su sai su gaishe ni, su gaishe da kwanon da ido.

Hawan farko na jure. Tudu ne mai ciyawa, shanu da ƙararrawa a wuya, ƙasa a tsaye kamar bango. Ina haki, in autar ta waiwayo sai in haɗiye hakin in ce iska nake sha.

Can sama ciyawa ta ƙare, muka fito doron dutsen. Hanyar ba ta fi tabarmar salla faɗi ba, dama rami, hagu rami, ga iska. Nan na gane mai kaya a ka ba ya iya duban ƙafarsa. Na sauke kwanon, na kwance ɗaurin ƙugu na goya shi kamar jariri. Kafin in gama, autar da ba ta san tsoro ba ta riga ta ƙetare, tana can nesa tana ɗaga hannu. Tana magana, iska na kwashewa.

Na taka kaɗan, sai na dubi ƙasa. Na durƙusa. Komawa baya ba ta yiwuwa, gangaren da muka hawo ya fi gaban tsoro. Ba kowa a wurin sai ni da surukina, kuma babu ɗan aike.

 Sai ya raɓa ta gefena, ya wuce gaba, ya ba ni baya. Ya dubi sarari kamar akwai mutum a ciki ya ce, “A faɗa wa Inna ta kama igiyar jakata.”

Na ce, “A ce masa na ji.”

Haka muka riƙa tafiya. A faɗa wa Inna ƙafar hagu kan farin dutsen nan. A faɗa wa Inna kar ta dubi ƙasa. Ni kuma, a ce masa ya rage sauri, ba kasuwa za mu ba. Na ga kafaɗarsa na motsi, na san dariya yake dannewa.

Mun kusa ƙarshe tsakuwa ta zame ƙarƙashin takalmin nan. Igiyar ta kuɓuce mini. Sai ji na yi an damƙe damtsena, ga fuskarsa dab da tawa.

“Inna, riƙe ni. Kar ki saki.”

Na riƙe shi da hannu biyu. Ranar na san yana da tabo a gira. Haka ya ja ni, yana tafiya da baya-baya, har muka taka wuri mai faɗi. Yana sakina ya sunkuyar da kai, ya koma bayan wani dutse don in samu in ci abinci. Autar ta iso tana tambayar me ya tsayar da mu. Na ce ta zuba wa maigidanta dambu, ta cika masa.

Na sha jin ana cewa kunya takura ce, a bar ta a ƙauye. Ni abin da na gani daban ne. Yaron nan ya riƙe ta har inda za ta riƙu, da rai ya zo gaba ya ajiye ta, da muka tsira ya koma ya ɗauki abarsa ba wanda ya ce masa.

Har yau ni da shi ba mu taɓa tada zancen ba. Yanzu ƙafa ta yi rauni, kuma na'urar hawa benenmu ta cika lalacewa. In zan sauka, sai in tarar da shi a matakala ta ƙasa da ni, ya ba ni baya, wai waya yake dubawa. In ɗora hannu a kafaɗarsa mu sauka.