Kujerar Yarinya a Hanyar Gozaki

Mijina ne ya sayo kujerar a gwanjo a Funtua, tun ina ɗauke da cikin 'yarmu. Maƙwabciyata a Malumfashi ma'aikaciyar jinya ce, ita ta nuna mini yadda ake ɗaure ta a bayan mota, yarinya tana kallon baya. Ta ce wuyan ƙaramin yaro bai yi ƙwari ba, in aka taka birki da ƙarfi yana kallon gaba, nauyin kansa zai fizgi wuyan. Ta gargaɗe ni kada in juya ta don ta fara tafiya ko don ƙafafunta sun tanƙwashe. In bari sai kanta ya kusa kai saman kujerar, ko nauyinta ya wuce abin da aka rubuta a jikinta.

Mahaifina manomi ne a Gozaki, kuma bai taɓa son abin ba. Duk zuwan da za mu yi gaishe shi sai ya leƙa motar ya yi faɗa, wai an ɗaure masa amarya kamar buhun taki, an sa ta juya wa uwarta baya. Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Na yi masa bayanin maƙwabciyata har na gaji, shi dai sai ya kaɗa kai.

Yarinyar tana cikin shekara ta uku ɓarin jikin mahaifina ya shanye, farkon damina, yana tsaka da shukar masara. Hannun dama ya mutu, magana ta sarƙe. A asibiti aka ce a riƙa kawo shi ana motsa masa jiki. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai ce mai mota, don haka ni nake zuwa in ɗauko shi, da yarinyar, tunda babu wanda zan bar wa ita.

A baya yake zama, kusa da kujerarta. Shi yana fuskantar gaba, ita baya, sai ya zama suna kallon juna. A gida ya daina magana da kowa, don yana jin nauyin yadda kalmomi ke fita masa a karkace. Amma wata rana, mun bar gari kaɗan, na ji ya ce wani abu a hankali.

“Shanu.”

Yarinyar ta waiga ba ta ga komai ba. Da muka wuce garken sai ga su ta gilashin baya, ta kama dariya. Daga ranar abin ya zama nasu. Shi yake fara hango abu ya faɗa mata, ita kuma ta zuba ido tana jira. Keke, kuka, masu noma, motar taki. In kalma ta ƙi fita ba ta gaggauta shi, ba ta ƙarasa masa yadda mu manya muke yi. Takan riƙe yatsun hannun da ya mutu tana murzawa har ya samo ta. Ni kuwa ina gaba, ko rediyo na daina kunnawa.

Haka muka ci damina. Lokacin da aka fara karyar masara, ina ɗaure ta a ƙofar gidansa, ya miƙo hannun hagu ya ɗora a kanta, yatsunsa suna taɓa saman kujerar. Ni ma na lura kanta ya kusa kaiwa, ina ta tunanin yadda zan gaya masa. Ashe duk bayanin da na riƙa yi masa yana riƙe da shi. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Uwata,” ya ce, “ta kai. Juya ta.”

Na ce masa, Baba, in na juya ta ba za ka riƙa ganin fuskarta ba. Ya daɗe yana neman kalmar, sannan ya ce, “Wuyanta... ya yi ƙwari.”

A nan ƙofar gida na kwance kujerar na juya ta, na ja ɗaurin har ya daina motsi. Muka kama hanya. Yarinyar ta ga duniya tana tahowa gabanta, ta yi ta kiran sunan komai tun kafin ya buɗe baki. Gefen kujerar ya tare masa fuskarta, wuyansa kuma ba ya juyuwa sosai. Na dube shi ta madubi, yana sauraronta, yana gyaɗa kai ga duk abin da ta faɗa daidai. Haka muka tafi har Malumfashi.

Bayan kaka aka ce ya ci gaba da motsa jikin a gida, tafiyar asibiti ta ƙare. Ya ga wata daminar, har ya sa aka kai shi bakin gona a kan babur ya duba shuka. Kafin a yi girbi Allah ya yi masa rasuwa. Na taɓa tambayar yarinyar ko tana tuna shi. Ta ce tana tuna wani tsoho mai sanyin hannu.