Hular Baba Mai Rariya

Shekara ashirin da ɗoriya, Baba Mai Rariya bai taɓa shiga injin tankaɗe tsakuwa ba sai ya rataye hularsa a kan makunnin wuta. Kowa a wurin fasa dutsen ya san ma'anarta: da mutum a ciki, kada a kunna. Aikinsa cire faifan robar da dutse ya cinye, ya kafa sabo, yana rub da ciki a inda ko zama ba ya yiwuwa.

An sha ba shi kwaɗo ya riƙa kullewa. Sai ya ce, "Ku bari, 'ya'yana. Wa zai taɓa hular tsoho?"

Wata Laraba aka kawo sabon mai gadi, mutum mai ladabi. Ya ga hula tana shan ƙura, ya kaɗe ta, ya kai ofis.

A lokacin Baba yana cikin injin. Ya buga ƙusa uku cikin huɗu, sai ya jiyo takun mai kunna inji, yana tafe da 'yar waƙarsa. "Kai, ɗana!" in ji Baba, amma a daidai lokacin ƙarar injin niƙa dutse na kusa ta tashi, ta danne muryarsa.

Har yau faifan nan ƙusarsa uku. Ba wanda ya yarda ya shiga ya ƙarasa.