Hajo da Wasan da Na Kalla da Ƙeya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Hajo, matar yayan mijina. A irin wannan watan aka fita da ita daga gidanmu na Ƙaura Namoda ana yayyafi, ni kuma ina zaune bakin ɗaki da ciki wata takwas, an hana ni leƙa fuskarta. Mutane na cewa zaman faccala sai haƙuri. Ni dai tun da aka kawo ni daga Zurmi ban san wata uwa a gidan nan ba sai ita.

Makon jiya na shiga maƙwabta aron rariya, na tarar da 'yan mata sun sa kaset ɗin wani tsohon wasa suna ta sheƙa dariya. Wai ga hoda a fuskar fatalwa, wai ga igiyar da ake jan ƙofa da ita. Na tsaya da rariya a hannu ina kallo. Wasan nan ne da ya taɓa hana unguwarmu sakat.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba mijin Hajo ya samu aiki a Gusau, ya dawo da talabijin. Da Shari'a ta zo aka rufe gidajen kallo, sai tsakar gidanmu ta zama matattarar mata duk Asabar bayan la'asar. An ce daga littafi aka ɗauko labarin. Wata mata ce a tsohon soro bakin gulbi. Mijin da take so ruwa ya ci shi, amma kullum da safe sai a ga sawun ƙafa a jiƙe tun daga zaure har ƙofar ɗakinta. Ita kuwa ta ƙi barin gidan, ta ƙi sauraron kowane manemi.

Inna Tumba mai fura ta rantse aljanin ruwa ne ya shigo da siffar mijin, har takan yi wa talabijin tofi kafin a kunna. Matar liman kullum sai ta ce kallon nan bai dace ba, amma ba ta taɓa fashi ba, carbi a hannu, ido a gilashi. Wata Bafillatana mai kawo nono ta taɓa ajiye ƙwaryarta ta yi ta yi wa matar cikin wasan faɗa, wai ta tashi ta koma gidan ubanta, miji bai ƙare a duniya ba. Maza kuma suna zaure, wai su ba ruwansu, amma da an rage murya sai ka ji gyaran murya daga can.

Ni kaɗai ce ba a bari na kalla. Ɗana na fari bai zo da rai ba, kuma tsofaffi sun ce mai ciki ba ta duban abin tsoro, domin abin da ido ya ɗauka shi ciki ke ɗauka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Mijina ya ce in zauna a ɗaki. Hajo ta ce zaman kaɗaici da tunani ya fi kowace fatalwa illa. Sai ta riƙa ajiye mini kujera in juya wa talabijin baya, ita ta zauna gabana tana kallo ta saman kafaɗata tana ba ni labari. Ta rage muryar wasan sosai, wai kada ta rufe tata. Da bakin Hajo na san soron nan, da fuskokin mata na san lokacin da ƙofa ke buɗewa.

Wata Asabar sai Hajo ta yi shiru. Kowa ya yi shiru, har carbin matar liman ya tsaya. An ce gani ya kori ji. Na waiwaya. Na ga matar soron tana tsaye cikin farin zane, tana rungume da zanen goyo, tana jijjiga shi, babu komai a ciki.

Idon kowa na kan gilashi, Hajo kaɗai ta gan ni. Ba ta rufe mini ido ba. Tafin hannunta ta ɗora a kan cikina, ta matso kusa da kunnena ta ce, “Ke ba ki ga komi ba, ƙanwata. Ni nag gani. In da abin ɗauka, ni naɗ ɗauka.”

Ba a yi sati biyu ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana huɗu ta yi.

Na haifi ɗiya mace lafiyayya, aka sa mata Hajara, amma bakina ba ya iya kiran sunan, Ummi nake ce mata. Na taɓa aika tambaya wurin malam ba tare da na ce ni ce ba. Ya ce camfi ne, ba wanda ke ɗaukar ajalin wani, kwanan Hajo ne ya ƙare. Na yarda da maganarsa, kuma ina neman tsari daga saɓa mata. Amma in na ga Ummi ta goya totuwar masara tana jijjigawa, kamar yadda duk 'ya'ya mata ke yi, sai in kira ta in taɓa goshinta.

Ranar nan a maƙwabta na ji 'yan matan na maganar jaririn da ya mutu a wasan. Na ce wane jariri? Suka ce ai rabin labarin a kansa yake. Ashe makonni da yawa Hajo tana cire shi, tana cike gurbin da zancen manema da girki, mata sama da goma suna jinta tana shirga mini ƙarya, ba wadda ta taɓa gyara mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Da tana nan yau da ta ga talabijin a kowane shago, ta ga yara ba sa tsoron abin da ya firgita iyayensu. Na san ita ce za ta fi kowa dariya, ta tafa hannu ta ce ashe igiya ce ta hana mu zagayawa bayan gida mu kaɗai. Ta iya mayar da abin tsoro abin raha. Ni ban gaji wannan daga gare ta ba.

Hajo ba ta bar ɗa ba, kayan ɗakinta an mayar Shinkafi wurin danginta, mijinta ya ƙaura Gusau da talabijin ɗinsa. Abin da ta bari shi ne nauyin tafin hannun nan, wanda har yau nake ji a jikina. Shekara bakwai ba wanda ya san na waiwaya, ko mijina. Yau na faɗa, don masu karatu su taya ni yi mata addu'a. Ko ta ɗauki wani abu ko ba ta ɗauka ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ta yarda akwai abin ɗauka, kuma ba ta yi jinkiri ba ta ce ita. Allah Ya ji ƙanki, Yaya.