Sojojin Mai Gyaran Agogo

Wata rana, a nan Kaduna, wani matashi mai ɗaukar hoto ya kai agogon mahaifinsa gyara. Mu kira shi Nazifi.

Hotunan biki da na suna yake ɗauka, kuma ya iya aikinsa. In ya ɗauki amarya, danginta kan yi ta kallon hoton suna tambayar ko ita ce.

Shagon gyaran ɗan ƙarami ne, a wani lungu bayan Kasuwar Barci. Mai shi dattijo ne, Baba Lurwanu, ya haura sittin, ba shi da yawan magana.

Nazifi na tsaye yana jira a buɗe agogon, sai idonsa ya faɗa kan wata kanta a bayan dattijon.

Sojoji ne a jere. Babu wanda ya kai tsawon babban yatsa. Wasu riƙe da garkuwa da mashi, wani ya durƙusa yana jan baka.

Ya matsa kusa. Kowanne da fuskarsa. Akwai mai tabo a kumatu. Akwai wanda taɓo ya ɓata masa gindin riga, kamar yanzu ya fito daga fadama.

"Baba, haka aka kawo su daga waje?"

"Daga waje aka kawo su, amma tsirara suke zuwa, toka-toka. Ni nake sa musu kaya."

Ashe wani ƙaninsa ne da ya yi karatu a ƙasar waje ya kawo masa kwalinsu tsaraba, shekara goma sha biyu da suka wuce. Na wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur. Tun daga lokacin, hannun da ya saba da cikin agogo ya koma kan burushi.

Duk Asabar bayan la'asar, wasu dattawa uku abokansa kan zo. A shimfiɗa babban tebur, a jera tsaunukan da aka yanka da soso, a yi kogi da shuɗiyar leda. Da tef ɗin tela suke auna tafiyar soja, da ƙwayar ludo suke raba gardamar wa ya harbi wa.

Maƙwabta na yi musu dariya, wai tsofaffi da wasan yara. Ko a jikinsu.

Nazifi ya zo kallo Asabar ɗaya. Ta biyu ya zauna. Ta uku ya sayi burushi.

Amma fa fenti ya ƙi shi.

In ya zo yi wa soja ido, sai ya fito kamar wanda ya ga fatalwa. In ya shafa riga, sai fentin ya cushe duk zanen da ke jikinta.

Baba Lurwanu kan ce masa, "Ka sirka shi da ruwa. Shafa sau uku a hankali, kar ka lafta sau ɗaya."

Nazifi ba shi da wannan haƙurin. Ya saba da abin da ake dannawa ya fito nan take.

Ana nan, sai dattijon ya roƙe shi wata alfarma. Yana da 'ya, Saudatu, ma'aikaciyar jinya a Gombe, kullum tana cewa ya turo mata hoton sojojinsa. Shi kuwa wayarsa in ya ɗauka, sai su fito kamar ƙudaje a kan faranti.

Ya naɗe guda goma a auduga, ya jera su a gwangwanin biskit, ya miƙa wa Nazifi da hannu biyu.

Ba su taɓa fita daga shagon nan ba sai ranar.

A situdiyonsa Nazifi ya shimfiɗa baƙin yadi. Ya rufe fitila da farar takarda don hasken ya yi laushi. Ya kwantar da kyamara har ta daidaita da idon sojan. Sannan ya kunna turaren wuta a baya, hayaƙin ya riƙa tashi kamar ƙurar fagen fama.

Da hoton ya fito, shi kansa sai da ya ce, "Kai!"

Ya tura wa dattijon, dattijon ya tura wa 'yarsa. Da a nan aka tsaya, da ba ku ji labarin nan ba.

Sai Nazifi ya ɗora guda ɗaya a shafinsa na sada zumunta. Bai ce nasa ba ne, bai ce na wani ba ne. Ya dai rubuta: "Aikin ƙarshen mako."

Kafin ya gama cin abincin rana, yabo ya cika shafin. Hotunan amare ba su taɓa jawo masa rabin haka ba.

Can a ƙasa wani ya rubuta: "Malam, da hannunka ka yi fentin nan?"

Nazifi ya daɗe yana kallon tambayar.

Ya rubuta, "A'a, na wani dattijo ne." Ya goge.

Ya rubuta, "Alhamdu lillahi, ana ɗan taɓawa." Ya tura.

Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. Aka sa shi a wani zauren intanet na masu irin wannan wasa, 'yan Abuja, 'yan Legas, har da na ƙasashen waje. Kullum ana hira a kan burushi da launi da dokokin wasa, kuma kullum ana jiran sabon hotonsa.

Suka fara tambayarsa. Yaya kake yin tsatsa a takobi? Yaya kake sa fata ta fito kamar da gumi?

Bai sani ba. Amma ya san wanda ya sani.

Ranar Asabar sai ya jawo kujera kusa da Baba Lurwanu, ya marairaice. "Baba, wai tsatsar nan yaya kake yin ta?"

Dattijon ya ajiye aikin gabansa, fuskarsa a sake, ya yi masa bayani dalla-dalla, har da gwadawa.

Ranar Lahadi Nazifi ya rubuta amsar a zaure, kamar daga kansa ta fito.

Wata biyar ana haka. Gwangwanin biskit na zuwa situdiyo yana komawa.

In zuciyarsa ta tsikare shi, yana da abin faɗa mata. Ai Baba ba ya shiga shafukan nan. Ai abokansa ma haka. Ai hoton dai nawa ne. Har ya saki jiki ya taɓa rubuta cewa duk Asabar suna wasa a wani shagon agogo bayan Kasuwar Barci.

Sai ga saƙo daga wata mata, Rahinatu, mai shafin bidiyo a kan sana'o'in hannu. Za ta shigo Kaduna, tana son hira da "matashin da ke yi wa sojoji fenti."

Ya so ya zille, ya rasa hujja. Ya ce mata su haɗu Lahadi a situdiyonsa. Lissafinsa, ranar Asabar zai karɓo gwangwanin.

Asabar ɗin, wasa ya yi nisa, dattawa na gardama a kan ko mai baka yana hango wanda ya ɓuya bayan tsauni, sai aka yi sallama a ƙofa.

Mace ce da waya a kan sanda.

"Malam Nazifi! Na shigo gari da wuri, na ce bari in zo in ga wasan da idona. Ina tambayar shagon sojoji aka nuna min."



Ta durƙusa ta gaida dattawan, suka amsa da fara'a. Ta nemi izini ta kunna waya. Idonta ya sauka a kan wani soja mai riƙe da tuta, da jar alkyabba a kafaɗarsa. Sabo ne, a ranar ce Baba Lurwanu ya fara fito da shi.

Ta ɗora shi a tafin hannunta, ta juya wayar kan Nazifi.

"Masu kallo, ga gwanin da ya yi wannan aikin. Malam Nazifi, faɗa mana, yaya ka yi jar alkyabbar nan ta fito kamar ta sha rana?"

Dattawan uku suka kalli juna. Sannan suka kalli Nazifi.

Wannan kam bai riga ya tambayi Baba Lurwanu ba.

Ba abin da ake ji sai agogunan bango, kowanne na bugawa da nasa saurin. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne.

Sai Baba Lurwanu ya yi gyaran murya. Bai ko ɗago kai daga tebur ba.

"Ba ya son yabon kansa ne, 'yata. Launin ruwan ƙasa yake fara shimfiɗawa, sannan ja, sannan ɗan ruwan goro a kan kafaɗa inda rana ke duka. Ko ba haka ba, Nazifi?"

Babu mamaki a muryar. Babu fushi.

A nan Nazifi ya gane dattijon ya sani. Ya daɗe da sani. Kuma ga shi yana rufa masa asiri da nasa aikin, a gaban abokansa, a cikin shagonsa.

Kalma biyu kawai ake jira daga gare shi: haka ne.

Ya kasa.

"Malama," ya ce, "ban taɓa yi wa ko ɗaya fenti ba. Na Baba ne. Duk wanda kika gani a shafina, nasa ne. Hoton kawai na ɗauka."

Rahinatu ta sauke wayar a hankali. Ta mayar da sojan kan tebur kamar mai ajiye ƙwai.

Ɗaya daga dattawan ya ce, "Inna lillahi." Wani ya fara tattara tef ɗinsa. Wasan ranar bai ƙarasa ba.

Da kowa ya watse, Nazifi ya rage a zaune, idonsa a ƙasa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun watan azumi. Saudatu ce ta gani, ta kira ni ranta a ɓace, ta karanto min."

"Kuma ka ci gaba da ba ni su?"

"Duk Asabar in ka shigo sai in ce, yau zai faɗa."

Dattijon ya shiga naɗe mai tutar a auduga.

"Sunan bai dame ni ba, Nazifi. Me zan yi da shi a shekaruna? Tambayoyin nan ne. Shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa cewa in koya masa. Da ka fara tambaya, har gida na je na faɗa wa iyalina na samu ɗalibi."

Nazifi ya so a ce zaginsa aka yi. Ya so a ce marinsa aka yi. Ya ba da haƙuri, kalmomin suka fito ƙanana, ba su kai girman abin ba.

"Na yafe," in ji dattijon. "Tashi mu je, an kusa kiran salla."

Washegari Nazifi ya rubuta gaskiya a shafinsa da kuma zauren, bai rage komai ba, har da yadda yake kwaso amsoshi. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya sa sunan Baba Lurwanu.

Wasu suka ce ya yi jarumta. Da yawa suka yi masa tatas. Wani ya ɗauko tsofaffin amsoshinsa ya jera ana dariya. Kafin azahar an cire shi daga zauren.

Rahinatu ta koma shagon ta yi hirarta da dattijon. Ba ta saka abin da ya faru ba, ba ta kuma ambaci Nazifi ba. Saudatu kuwa ya tura mata saƙon ban haƙuri, ta karanta, ba ta amsa ba.

Sati shida bai bi ta lungun ba. In aiki ya kai shi wajen kasuwar, sai ya zagaya ta wata hanya.

A na bakwai, ɗaya daga dattawan ya tare shi a masallaci. "Lurwanu ya ce in tambaye ka, mu uku da shi huɗu, kai ne na biyar, wa kake so ya riƙe maka ɓangarenka?"

Ya koma.

Ba wanda ya tayar da zancen, ranar ko bayanta. Aka matsa masa kujera, aka ci gaba da gardama.

Amma har yau, in Nazifi ya iso shagon, ba ya faɗawa ciki kamar da. Sai ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa, har sai dattijon ya ɗago kai ya ce, "Shigo mana."

Darasi:

In aka yabe ka a kan aikin da ba naka ba, gyara zancen nan take, tun yana jimla ɗaya. Kowace rana da ka ƙara, sai ya ƙara tsada, kuma ba kai kaɗai za ka biya ba.

Kada kuma ka ɗauki shirun mutum a matsayin rashin sani. Wani ya gani sarai, lokaci yake ba ka.

Akwai wanda ka taɓa cin yabon guminsa? Kira shi yau, ka faɗi sunansa a inda ka faɗi naka.

Tura labarin nan gaba. Wataƙila a cikin abokanka akwai wanda ya rubuta gaskiya ya goge, yana neman ƙarfin sake rubutawa.