Juma'ar da Aka Ce Fim ɗin Yaya Zai Fito

Yayata tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titin unguwar Nima, nan Gana, tun ina ƙarama, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Wata shekara masu shirya fim suka zo daga Kano. Suka ɗauke ta tana zuba wa jarumin shinkafa da wake a ganye, tana yi masa tsiya a kan son nama. Maganar ba ta da tsawo, amma Yaya ta shekara tana ba da labarinta.

Wata Litinin sai ga saƙo a rukunin matan unguwa a waya. Hoton fim ɗin ne, an rubuta za a sake shi a intanet ranar Juma'a. Kafin la'asar Yaya ta raba goro da alewa gida-gida kamar mai gayyatar suna. Ta kira ƙawayenta na unguwar Maamobi, ta aro kujeru, ta sa maƙwabcinmu ya yi alkawarin fito da talabijin ɗinsa tsakar gida.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. A firamare karatuna ya tsaya, don haka ina bin rubutu da yatsa, kuma ba na tsallake ko ƙanana. A ƙasan hoton na ga sunan Najeriya, ban ga na Gana ba. Na tambayi wadda ta turo, ta ce ita ma turo mata aka yi. Na nuna wa Yaya, ta ce fim ɗin Hausa ai namu ne, a ƙofarta aka ɗauka, wa zai hana ta gani?

Ba fim ɗin ne ya dame ni ba. Tunanin mata cike da tsakar gida, Yaya ta ci ado, talabijin kuma ya ƙi nuna komai, shi ya hana ni cin abinci. Akwai masu jiran irin wannan ranar su yi mata dariya.

Talata na rufe keken ɗinkina na tafi unguwar Kawukudi wurin mai gyaran waya. Ya buɗe manhajar da aka ce za a saki fim ɗin, ya rubuta sunan, bai fito ba. Ya ce ƙila sai ranar. Kalmar "ƙila" ba ta taɓa ba ni barci ba. Laraba na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Madina, gidan Hajiyar da ta sauki masu fim ɗin. Ta ba ni ruwa, ta yi mini dariya, sannan ta kira ɗaya daga cikinsu a gabana. Ya ce gaskiya ne, Juma'a ne, amma a Najeriya kaɗai zai buɗe. Gana sai an gama wasu takardu, kuma bai san yaushe ba. Na roƙi Hajiya ta sa ya maimaita. Ya maimaita.

A mota na yi ta shirya yadda zan faɗa. Na ji kamar ni na hana fim ɗin.

Alhamis da safe na same ta a bakin tukunya, na jira layi ya ragu, na faɗa mata duka. Ta ci gaba da kankare gefen tukunyar.

"Har Madina kika je?"

Na ce eh.

"Da wannan ƙafar taki mai ciwo? Ke dai Allah ya shirye ki. Kin ci abinci?"

Ta zuba mini, ta ɗora ƙwai. Sai da na cinye ta ce goron da ta raba ba zai dawo ba, kuma ba za ta bari mutane su zo a kan ƙarya ba. Da ta tashi kasuwa muka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa ita ke magana: fim bai iso Gana ba, ƙanwarta ta binciko, amma abinci yana nan, mai zuwa ta zo.

Bayan sallar Juma'a suka zo, har da masu dariyar. Yaya ta ɗaura zanen sana'arta a kan leshi, ta sa maƙwabcinmu ya tsaya a matsayin jarumin da kwano a hannu. Ta yi masa tsiyar naman sau uku, kowane karo tana ƙara abin da babu shi a fim. Wata tsohuwa ta ce ai na Kano an cuce su, guntu za su gani.

Ina zaune a baya kusa da randa, ina tunanin ko akwai gidan da muka manta ba mu je ba. Yaya ta hango ni, ta nuna ni da ludayi, ta ce a matsa mini in dawo gaba.